Si Allawa Mezyan, Akawun Matattu Marasa Suna

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab 1446, wadda ta zo daidai da 14 ga Janairun 2025, da hantsi, ina tsaye ina yanka albasa sai wayata ta yi ƙara. Lalla Zahiya ce, matarka. Ko sallama ba ta yi ba, abin da ban taɓa ji daga gare ta ba a shekara arba'in da muka yi muna maƙwabtaka. Cewa kawai ta yi, "Wardiya, ya tafi." Na ajiye wuƙar na zauna a ƙasa, na yi ta maimaita cewa mu na Allah ne kuma gare Shi za mu koma, har bakina ya bushe. Allah Ya karɓi ranka, Si Allawa Mezyan, a ɗakinka, kana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar ciwon zuciya ta wata biyar. An kai ka makwanci bayan La'asar, dusar ƙanƙara na sauka a kan masu ɗauke da makara.

Jaridun babban birni sun riga ni magana. Sun ce ƙasa ta rasa marubucin da ya fi kowa duhun alƙalami, wanda ba a karanta littafinsa a ci abinci da daɗi a ranar. Wani farfesa ma ya rubuta cewa daga manyan marubutan ƙetare ka kwaso salonka. Na karanta na girgiza kai. Ni na buga littafinka na farko da tafiretata, harafi bayan harafi, na kuwa san inda salon nan ya fito. Kana raye ka hana ni faɗa. Yanzu iyalinka sun ba ni izini, zan faɗa, ko da yake ina rubutun nan ne gabana na faɗuwa kamar yadda yake faɗuwa a wancan zamani.

Wanda ya san ka kafin shekarun nan ba zai taɓa yarda kai ne za ka rubuta abin tsoro ba. Kai ne mai ba unguwa dariya. In ana biki kai ake nema ka tsara baitocin zolayar ango, ka tsaya tsakar gida kana karantawa kana kwaikwayon tafiyar surukinsa, har tsofaffi su riƙe ciki. Kuma duk garin an san ba ka iya ganin jini. Babbar Sallar shekarar da aka haifi 'yarka Amal, mahauci ya makara, maza suka tsare ka suka ce yau dai da hannunka za ka yanka ragonka. Ka riƙe wuƙa, ka dubi ragon, ragon ya dube ka, sai gani muka yi ka sulale ƙasa. Da aka yayyafa maka ruwa ka farfaɗo, abin da ka fara tambaya shi ne, "Ya tsira?" Mahaifiyata ba ta taɓa barin ka ka huta da wannan ba. Da ta hango ka sai ta ɗaga murya, "Ga zakin unguwa nan tafe!" Kai kuma ka kira ta da sunan girmamawar da muke yi wa iyaye mata, ka ce, "Halti, rufa mini asiri, kar raguna su ji."

Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tsofaffin matan da 'ya'yansu ke aiki a Faransa sukan jira ka a kan bencin bakin gidan waya, ka karanta musu wasiƙu, ka rubuta musu amsa, ba ka taɓa karɓar ko kofin gahawa ba. Na taɓa kama ka. Na leƙa ta kafaɗarka na ga wasiƙar layi uku ce tak, kai kuwa ka yi minti goma kana karanta wa tsohuwar yadda ɗanta ke kewar kuskus ɗinta da yadda yake mafarkin itacen ɓauren gidansu. Da ta tafi tana share hawayen daɗi, na ce, "Si Allawa, ka ji tsoron Allah." Ka ce, "Yaron ya so ya rubuta duk wannan, Malama, hannunsa ne ya gaji." Haka kake a lokacin. Ba ka iya barin mutum ya tashi daga gabanka da ɓacin rai.

Aikinka kuwa akawu ne a asibiti, ɓangaren haihuwa. Shekara goma sha biyar kana rubuta sunayen jarirai. Sai 1994 ta zo, ƙasa na cikin yaƙin basasa. Waɗanda suka rayu a nan ba sa bukatar in tuna musu. In mutum ya fita da safe, bai san shingen da zai tarar a hanya na masu kaki ne ko na 'yan bindigar da ke ɓoye a duwatsu da suka sa kaki ba. Mun daina tambayar wa ya yi, sai dai wa aka yi wa. A cikin wannan hali akawun ɗakin ajiye gawa ya kwashe iyalinsa ya tsallaka teku, aka ce kai za ka maye gurbinsa. Ka je ka roƙi shugabanku har da hawaye. Aka ce ko ka karɓa ko ka ajiye aikin, ga ka da 'ya'ya uku.

Da safe ake kawo su a bayan mota, waɗanda aka tsinta a bakin hanya ko cikin gonakin inabi, ba takarda a jikinsu, wasu ba fuskar da za a gane. Umarnin da aka ba ka gajere ne: lamba, kwanan wata, namiji ko mace. Bayan kwana uku a kai su can ƙarshen maƙabarta a kafa allo mai lamba. A bakin ƙofar asibiti kuwa mata ne kullum, kowacce da hoto a hannu, masu gadi na korar su, suna komawa su dawo. Ta tsakiyarsu kake ratsawa safe da yamma.

Ba ka yi wata guda ba ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai shuɗin bango, ka riƙa ɓoye shi a kwandon abincin ranarka, ƙarƙashin burodi. Kai da ka suma a gaban rago, kai ne za ka ɗaga mayafi ka duba, ka fita ka yi amai, ka dawo ka sake dubawa, ka rubuta abin da ka gani. Shekaru bayan haka na ce maka wannan jarumtaka ce. Ka ce, "Wace jarumtaka? Matan bakin ƙofar nan sun fi gawar ba ni tsoro. Ita gawa ba ta bi na da ido." Ranar Juma'a sai ka zauna a bencinka na gidan waya, ka sa littafin a cikin ambulan, kamar wasiƙar Faransa kake karantawa, matan na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna saurare.

A kan bencin nan aka koya maka rubutu, kuma wadda ta koya maka ba ta san alif ba. Halti Mbarka sunanta, daga wani ƙauye a saman dutse, tana neman ɗanta makiyayi. A lokacin da tsohon alƙalaminka kake rubutu, na biki da lallashi. Ka buɗe shafin wani da kake zaton shi ne, ka karanta mata cewa saurayi ne kyakkyawa, fuskarsa kamar wata, ya kwanta kamar mai barci, zalunci ya tsinke shi yana tsakar ƙuruciya. Tsohuwar ta buga maka hannu a gwiwa.

"Kai ɗan nan, waƙa na zo ji? Ɗan kowa kyakkyawa ne a wurin uwarsa. Haƙorinsa fa? Ɗana haƙorinsa na gaba a karye yake, jaki ya harbe shi yana ɗan shekara tara. Ka duba bakinsa?"

Ba ka duba ba. An kuma riga an rufe shi kwana biyar da suka wuce. Halti Mbarka ta koma ƙauyensu ba ta sani ba, har ta rasu ba ta sani ba. Daga wannan rana ka ɗauki alƙalami ka soke duk kalmar da ba za ta taimaki uwa ta gane ɗanta ba. Abin da ya saura shi ne irin wannan: "Namiji. Wajen shekara talatin. Tabon ƙuna a wuyan hannun hagu. Takalmi ƙafa ɗaya, an sake masa ƙasa. A aljihu: tikitin bas, alewa biyu, mabuɗi." Wannan shi ne salon da masana ke ta cika takardu a kansa, jimlolin nan gajeru masu sanyi, da ba sa kuka ba sa lallashi, sai dai su ajiye abu a gabanka su tafi. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, gida arba'in da uku suka san inda nasu yake kwance ta dalilinka.

Sai aka ji. Ban san ta yaya ba, kai ma ba ka sani ba. Wata rana da azahar a cikin bazarar 1995, mutum biyu suka shigo ofishinka, masu ladabi, takalmansu na ƙyalli. Suka zauna suka tambayi lafiyarka. Ba wanda ya ambaci littafi. Ɗaya ya ce ya ji Amal tana ƙoƙari a makaranta, ya ce sai dai hanyar da take bi ta bayan kasuwar kayan lambu ba ta cika mutane ba, a riƙa kula. Ɗayan ya miƙa hannu cikin kwandonka, ya gutsuri burodin ya ci, ya mayar da sauran a hankali ya gyara masa zama. Suka yi sallama suka fita. Bayan kwana uku Lalla Zahiya ta tsinci ambulan a ƙarƙashin ƙofa. Ba rubutu a ciki, sai ƙyallen farin yadi da ɗan guntun sabulu. A wancan zamani ba wanda ke bukatar a fassara masa likkafani da sabulun wankan gawa. Har ka koma ga Allah ba ka san ko masu takalman ne suka aiko ko kuwa ɗaya ɓangaren ba.

Ka daina zuwa bencin gidan waya. Ka daina zuwa biki. Ka rame, ka koma bin gefen bango in kana tafiya, in mota ta rage gudu a bayanka sai ka tsaya cak ka rufe ido. Mun ɗauka ciwo ne. Abin da ba mu sani ba shi ne ba ka daina rubutawa ba. Bakinka ne kawai ya mutu.

A watan Oktoba na shekarar, ƙanena Rabah ya fita da safe zai je garin Bilida sayo wani ƙarfen mota. Shekararsa ashirin da uku, yana aikin kanikanci a garejin bas. Ya ce wa mahaifiyarmu ta ajiye masa shorba, miyar nan tamu, zai dawo kafin La'asar. Bai dawo ba. Ba inda ban taka ba, ba ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba, na zama ɗaya daga cikin matan nan masu hoto a hannu. A mako na biyu na zo har gidanka na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Si Allawa, don girman Allah, ko ya biyo ta wurinka?" Ka dubi ƙasa ka ce, "Ban gan shi ba, 'yar'uwa." Na yi maka godiya. Na koma gida na ce wa mahaifiyarmu, Yemma, mu gode Allah, tunda ba ya wurin Si Allawa to yana raye.

Ta riƙe maganar nan shekara huɗu. Duk wata sai ta wanke kayan aikinsa ta goge ta ninke. In an taɓa ƙofa ita ke fara tashi. Kai kuma duk ranar Alhamis sai ka tare ta a kasuwa ka ɗaukar mata kwando har gida, ka gyara mana famfo, ka kawo mana gawayi da sanyi. Muna cewa Allah Ya ba mu maƙwabci.

A ƙarshen 1999, abubuwa sun ɗan lafa, ka ajiye aikin asibiti. Ni kuma bayan na tashi daga makarantar da nake koyarwa nakan buga wa ɗalibai takardunsu da tafireta. Wata ranar Asabar ka zo da damin takardu a cikin jakar leda, ka ce, "Malama, wani labari na ƙirƙira. Ki buga mini shi a hankali, kar ki tsallake shafi." Na yi murna, na ce ashe zakin unguwa zai dawo ya ba mu dariya. Ba ka yi murmushi ba. Ka ajiye ledar ka fita.

Layi na Tara ka sa masa suna. Labarin wani akawu ne da ke ƙirga matattu a garin da ba a faɗi sunansa ba. Tun shafi na uku tsigar jikina ta tashi. Ba ihu a cikinsa, ba a nuna kisa ko ɗaya ba, amma ina bugawa ina waiwaye. Na kai ga ba na iya aikin sai ƙofar ɗakin na buɗe ina jin motsin Yemma a tsakar gida. A rana ta tara, da yamma, na iso shafi na ɗari da sha biyu:

"Lamba ɗari da sittin da huɗu. Namiji, bai kai ashirin da biyar ba. Baƙin mai a ƙarƙashin farce. Rigar sanyi saƙar hannu, ruwan toka. Hannun dama daga gwiwa zuwa ƙasa an ƙarasa shi da koren zare, da alama zaren ya ƙare wa mai saƙar. Akawun ya san shi. Bai rubuta sunan ba."

Yatsuna sun gama buga shi kafin hankalina ya kai. Ni na saƙa rigar. Ni zaren ya ƙare wa, na ƙarasa da ragowar na mayafin Yemma, Rabah ya yi ta yi mini tsiya yana cewa na mai da shi tuta.

Ban san yadda na fita ba. Na iske ka zaune a kan dakalin ƙofar gidanka cikin wannan sanyi. Daga baya Lalla Zahiya ta gaya mini tun ranar da ka kawo takardun kullum nan kake wuni, kana kallon ƙofarmu.

"Shekara huɗu, Si Allawa."

"Huɗu da wata biyu."

"Na tsaya a nan, a nan wurin, na haɗa ka da Allah."

"Kin haɗa ni."

"To me ya hana ka?"

"Da na faɗa miki, da kun je kun nemi a tono shi, ku yi masa jana'iza, gari ya ji. Sai a tambaya wa ya gaya musu. Sun san hanyar makarantar Amal, Wardiya. Na zaɓi 'yata na bar ƙanenki. Ba ni da wata hujja bayan wannan. Sau ɗari na zo ƙofarku zan faɗa, harshena ya ƙi. Hannuna ne kawai ya iya."

Na faɗa maka maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Mafi sauƙinsu shi ne matsoraci. Ba ka ɗaga kai ba, ka ce gaskiya ne.

Na so in ɓoye wa Yemma. Na ji tsoron zuciyarta ba za ta ɗauka ba, na kuma ji tsoron har yanzu akwai mai saurare a bayan bango. Kai ka ce a'a, da bakinka za ka faɗa mata. Bayan kwana uku ka shigo da hantsi, ka durƙusa a gabanta, ka faɗa mata kamar yadda kake rubutu, ba ado ba kwana. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ka ta ce, "Wa ya yi masa wanka?"

"Ni, Halti. Ban taɓa yi wa kowa ba kafin shi, ban kuma sake ba. Na kulle ƙofa na yi. Na yi masa salla ni kaɗai."

"Idonsa?"

"Na rufe masa."

"Ya sha wuya?"

Na dube ka. A zuciyata ina roƙon ka ka yi mata irin karatun da kake yi wa tsofaffin gidan waya. Ka ɗago kai ka dube ta.

"Ya sha, Halti. Amma ba na jin abin ya daɗe."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Da ka ce a'a, da ban yarda da sauran ba. Tashi ka kai ni."

Muka tafi mu uku a ƙafa. Layi na tara, kabari na huɗu daga bango. Ruwan sama ya riga ya cinye lambar allon, amma ka jera fararen duwatsu a gefensa, ba ciyawa ko ɗaya a kai. A nan ne Yemma ta zube, a nan na ji kukan da ban taɓa ji ba, kai kuma ka koma can jikin bango ka juya mana baya, kafaɗunka na rawa.

Shekara guda ba ta yi maka magana ba. In kun haɗu sai ta kau da kai. Sai wata Alhamis ta ɗauki kwandonta ta tsaya a ƙofar gidanka ta ce, "Kai zakin unguwa, kwandon nan da kansa zai kai kansa kasuwa?" Ka fito ba takalmi. Ni ban yi saurin Yemma ba. Wata shida bayan haka tafiretar na nan rufe da ƙyalle. Abin da ya sa na buɗe ta ba don kai ba ne. Tunani na yi, in ni na gane nawa a shafi na ɗari da sha biyu, to akwai wata a wani gari da nata ke shafi na ɗari da talatin. Haka kuwa aka yi. Da littafin ya fito a 2001, wasiƙu suka fara zuwa. Wata ta gane zobe, wani ya gane tabon kaciyar ɗansa da ta zo da matsala, wata ta gane ɗinkin aljihu. Gida goma sha tara. Duk wanda aka je nuna wa kabarinsa kana wurin, tsaye a baya, hularka a hannu.

Ka rubuta littafi shida bayan wannan, waɗanda ba su da alaƙa da asibiti, amma alƙalamin bai sake komawa yadda yake ba. Ko labarin aure ka ɗauko, mai karatu sai ya ji kamar akwai wani tsaye a bayan labule. A cikin littattafanka Mai Gadin Rijiya da kuma Baƙi da Azahar ba a taɓa ganin fuskar mai yin mugunta ba, masu sharhi suka ce gwaninta ce. Ka ce mini, "Ina zan samo fuskar? Ni ma ban gan ta ba." Wata ɗaliba ta taɓa tambayar ka a wani taro a garin Mediya me ya sa littattafanka ba su da ko kalmar lallashi ɗaya. Ka ce, "Na gwada lallashi, 'yata. Wata tsohuwa ta rasa kabarin ɗanta saboda shi."

Tsoron kuwa bai sake ka ba, ko da suna ya zo, ko da aka fassara ka cikin harsuna. Ba ka zama a gidan gahawa sai kana fuskantar ƙofa. Ba ka sake buɗe ambulan da hannunka ba, sai Lalla Zahiya ta buɗe ta ce maka ba komai. Ranar auren Amal, ita da ta girma ta zama likitar yara, ka ƙi zama, ka yi ta zagaya bakin titi kana duba motocin da ke tsayawa. Duk da haka ba ka fasa alheri ba. Marayun shekarun nan na unguwarmu a falonka suka koyi karatu. Da Yemma ta kwanta ciwon ajali a 2008, kai kaɗai ke iya sa ta ci abinci. Kakan zauna a bakin gadonta ka tono tsofaffin baitocinka na biki kana rera mata da muryar da ta dushe, tana dariya tana tari tana ce maka maƙaryaci.

Mako guda kafin rasuwarka na zo duba ka da yamma. An jingina ka da matasai, numfashi na yi maka wuya. Ka sa Lalla Zahiya ta je ta haɗa mini shayi, da ta fita ka ce, "Wardiya, tsoro nake ji."

Na ce, "Haba Si Allawa, kowa zai ɗanɗana ta. Ka kyautata zato ga Ubangijinka."

"Ba mutuwar ba. Haɗuwar. Mutum ɗari uku da shida na ɗaga mayafinsu na leƙa. Waɗanda na mayar wa iyayensu ba na jin su. Sauran fa, da na rufe baki a kansu? Rabah fa, in ya tare ni, me zan ce masa?"

Sai a lokacin na lura cewa shekara ashirin da biyar muna gaisawa, ina buga maka littattafai, muna cin abinci a akushi ɗaya ranar Salla, amma ban taɓa furta kalmar da bakina ba. Na ce, "Na yafe maka, duniya da lahira." Ka ce in sake faɗa. Na faɗa sau uku. Ka rufe ido, hawaye na bin gefen kunnenka, ka ce, "To, saura su."

Ranar zaman makoki, bas biyu suka tsaya a bakin layinmu. Tsofaffin mata ne daga ƙauyukan dutse, wasu da sanda, wasu jikoki na riƙe da su. Iyalinka ba su san ko ɗaya ba, kuma ba na jin akwai wadda ta taɓa karanta layi ɗaya na littafinka. Suka cika tsakar gida suka zauna a ƙasa cikin sanyi suna yi maka addu'a. A rana ta uku ɗanka Nazim ya kawo mini wani ƙunshi, ya ce ka bar wasiyya a ba ni. Littattafan nan ne masu shuɗin bango, guda biyar. Sama da mutum ɗari biyu ke ciki da har yau ba wanda ya zo nemansu. Suna kan teburina yanzu, ban kwance igiyar ba. Nakan wuce ta gabansu da sauri kamar yarinya. Jiya wata mata daga wajen Bilida ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, da hoton da ya koɗe a hannunta, ta ce an ce mata yanzu ni ake tambaya. Na ce ta dawo ranar Litinin. Zan kwance igiyar kafin ta zo, in Allah Ya so, kuma zan karanta mata yadda ka rubuta, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lalla Zahiya, wadda ta ɗauki rabin wannan nauyi shekara talatin ba ta taɓa kokawa ba, da 'ya'yanka Amal da Nazim da Sihem, da jikokinka, da ɗalibanka, da matan da suka zo a bas. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ya Allah, ga bawanKa Allawa ɗan Mezyan ya zo gare Ka. Ka san abin da ya faɗa, Ka san abin da ya kasa faɗa, Ka kuma san abin da ya riƙe masa harshe. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka wanke shi kamar yadda ya wanke ɗan mutane a bayan ƙofa ba mai ganin sa sai Kai. Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa a wurin tambaya. Ka sanya waɗanda yake jin nauyin haɗuwa da su su tarbe shi da sallama. Ka ji ƙan Rabah, da Yemma, da Halti Mbarka da ɗanta, da duk wanda ke kwance a ƙarƙashin allo mai lamba, Kai da ba Ka manta sunan kowa ba. Ya rayu cikin tsoro, ya Ubangiji. Ka amintar da shi. Amin.

Wardiya Belhadi